BABI NA UKU: TSIMI DA TANADI A GIDAJEN MASU ƘANANAN YARA A ƘASAR GWASHI DA MAƘWABTANTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba hanyoyin da magidanta da matan aure ke bi wajen rage kashe kuɗin yau da kullum a gidajen da ke da ƙananan yara, wato waɗanda ba su wuce shekara 5 da haihuwa ba. An taƙaita nazarin ga Gwashi, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, da kuma ƙasashen Anka da Gummi, dukkansu a yammacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, suna noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, ga kuma shinkafa a fadamun gulbin Zamfara. Masu ɗaukar albashi kaɗan ne a cikinsu, don haka lissafin gida a nan daga kaka zuwa kaka ake yin sa.

Abin da babin ke son nunawa shi ne ba kowane ragi ne ya cancanci a kira shi tsimi ba. Idan hannu ya ƙuntata, ragin ya fi saurin faɗawa kan abin da mutanen waje ba sa gani, kamar miya da kunun yaro da kuɗin magani, a bar abin da idon jama'a ke kansa, irin hidimar suna da biki. Yaro ƙarami shi ne ke biyan wannan bashi da jikinsa.

3.1 Tsimi, Tanadi da Rowa

Bahaushe ya bambanta waɗannan kalmomi uku, duk da cewa sun yi kusa da juna. Tsimi shi ne amfani da abin da ke hannu sannu a hankali don ya jima, kamar yadda uwargida ke tsimin mai ko daddawa. Tanadi kuwa shi ne ajiye wani abu tun yana da yawa saboda ranar da zai yi ƙaranci. Rowa, ko tsumulmula, ita ce hana iyali abin da ya wajaba alhali akwai shi. Na farko da na biyu abin yabo ne, na uku kuwa abin zargi ne a al'ada da addini, domin ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne a kan maigida gwargwadon halinsa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙani ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, ba ɓarna ba kuma ba ƙwauro. Matsalar ita ce a shekarar tsanani iyakar da ke tsakanin tsimi da ƙwauro takan ɓace wa mutum ba tare da ya lura ba.

3.2 Abubuwan da Suka Ƙuntata Hannun Magidanci

Tsadar rayuwa ba baƙuwa ba ce, domin dattawa na tuna yadda kaya suka tashi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986. Sai dai abin da ya auka wa wannan yanki daga baya ya zo ne a jere. Da farko akwai ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya hana noma gonakin nesa da gari, ya kwashe shanun huɗa, ya kuma sa aka aza wa ƙauyuka da dama haraji kafin su yi shuka ko girbi. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin Anka da sauran manyan garuruwa, suka tashi daga masu ci daga rumbu suka zama masu awo. A watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe kasuwannin mako-mako an kuma katse layukan waya a jihar. Magidancin da ya saba kai akuya kasuwa don ya yi awo, ko yake jiran aike daga ɗansa da ke cin rani, sai ya wayi gari hanyoyin biyu duk sun toshe.

A farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, abin da ya fi cutar da ƙauyukan da ba su da banki. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Agusta na shekarar kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a garin Gummi. Ko mutumin da bai mallaki babur ba ya ji tsadar mai a kuɗin niƙa da kuɗin motar kasuwa da farashin gishiri da man ja, waɗanda duk daga nesa ake kawo su.

3.3 Rumbu da Awo

Mafi girman kason abin da gidan talaka ke kashewa hatsi ne, saboda haka a nan ne babban tsimi ko babbar hasara take. A ɗauka akwai gida mai cin tiya ɗaya ta hatsi a kullum. A shekara yana bukatar tiya 365, wato ɗan abin da ya haura buhu 9 idan buhu na ɗaukar tiya 40. Maigidan da ya san wannan adadi tun ranar da aka gama sussuka ya san abin da zai iya sayarwa da abin da ba zai taɓa ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan ga rumbu cike da kaka ya ɗauka ya yi rara.

Sanannen abu ne cewa hatsi ya fi araha da kaka, lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa, ya kuma fi tsada a tsakiyar damina, musamman cikin marka, lokacin da tsohon abinci ya ƙare sabo bai nuna ba. Abin takaici shi ne da kaka ne bukatu ke taruwa: ga bashin taki, ga auren 'ya'ya, ga gyaran ɗaki. Manomi sai ya sayar da gero a farashinsa mafi ƙasƙanci, bayan wata bakwai ko takwas ya koma kasuwa ya sayi irin wannan geron a farashi mafi tsada, wani lokaci ma da bashin da zai biya da hatsin kaka mai zuwa. Babu tsimin gishiri ko na sabulu da zai cike wannan giɓi. Shi ya sa magidanta masu tattali ke ware abin sayarwa daban, kamar gyaɗa da wake ko ɗan rago da aka turke, su bar gero da dawa don ci.

Ya kamata a lura cewa ajiya don ci daban take da ɓoyo don riba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka yi hasara. Amma wanda ya ajiye abincin iyalinsa bai yi hasarar komai ba, tunda ba kasuwa yake jira ba.

Ajiyar ita ma tana da nata ilmi. Geron da aka zuba a rumbu da zangarniyarsa ya fi wanda aka sussuke jimawa. Wake ne ke da wuyar sha'ani saboda ƙwaro, don haka tun da can mata ke shanya shi ya bushe sosai su cuɗa shi da toka ko rairayi. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwaron ya mutu ba tare da an sa magani ba. Kuɗinsa ya fi na buhun yau da kullum, amma ana iya maimaita amfani da shi muddin bai huje ba, ga shi kuma yana kare yara daga cin waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari.

Rashin tsaro ya kawo wani sauyi da littattafan aikin gona ba su yi la'akari da shi ba. A ƙauyen da ake fargabar za a ƙone rumbuna ko a kwashe su, cika rumbu ɗaya ya zama kasada. Wasu sukan raba abincin, su kai wani kaso wurin dangi a cikin gari, bisa hikimar nan ta gida biyu maganin gobara. Wasu kuwa tsoro kan sa su sayar da duka da wuri, su faɗa cikin hasarar da aka yi bayani a sama. Ba daidai ba ne a zargi irin waɗannan da rashin tattali.

Ga gidan da ya koma awo, sayen tiya-tiya a kullum ya fi sayen buhu tsada, haka ma ƙulle-ƙullen mai da sukari da garin tumatir. Talaka ya san haka, rashin kuɗi a dunƙule ne ke tilasta masa. Mafitar da wasu ke bi ita ce 'yan'uwa ko maƙwabta biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya ranar kasuwa su raba.

3.4 Miya da Rabon Yaro

Idan hatsi ya fara ƙasa, matakin farko da ake ɗauka shi ne rage ɗora tukunya. A yi tuwo da dare, a ci ɗumame da safe, da rana a sha fura ko kunu, in babu a haƙura. Babba na iya jure wannan. Yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 2 ba zai iya ba, saboda cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi tsawon yini a zama ɗaya. Daɗin daɗawa, idan aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sheƙe kwanon. Uwa na ganin an ci an tashi, ba ta san wanda ya ƙoshi ba. Ware wa ƙaramin yaro nasa kwano da ajiye masa ɗan abin da zai taɓa tsakanin abinci da abinci ba ya ƙara wa maigida ko kwabo, sauyin rabo ne kawai.

Mataki na biyu shi ne tsinka koko da rage kayan miya. Nan ne tamowa ke shigowa, domin koko tsararo ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Yaro zai sha cikinsa ya cika, jikinsa kuwa yana ramewa. Abin da ake bukata a ƙara masa yawanci yana cikin gida ko bayan gari. Garin ƙuli-ƙuli ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ɗan cokalin man gyaɗa ko man ja na ƙara wa kunu ƙarfi. Ma'aikatan lafiya na koyar da haɗin gari na soyayyen gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, wanda ake dama wa yara, kuma duk kayansa na gona ne. Wake da daddawar kalwa ko ta batso na maye gurbin wani abu daga amfanin naman da ya gagara saye.

A fannin ganye kuwa matan wannan yanki ba sa bukatar malami. Da damina akwai tafasa da rama da lalo da yakuwa da zogale, ana kwaɗo da su ana miya. Mace mai tanadi takan shanya kuɓewa da kuka da yakuwa da tattasai tun suna da araha, ta ci su har bazara. Abin da za a ƙara shi ne shanya ganye a inuwa ya fi riƙe amfaninsa a kan shanya shi a tsakiyar rana. Bishiyar zogale biyu ko uku a bakin makwararar ruwan wanke-wanke na ba gida ganye a mafi yawan shekara.

Akwai kuma kashe kuɗin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, wato 'yan canjin da ake miƙa wa yaro don ya daina kuka, ya sayi alewa ko biskit ko lemon leda. Idan aka tara na mako guda zai sayi ƙwai ko kwanon gyaɗa. Haka nan taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano sun shiga ƙauyuka, ana ganinsu a matsayin ci gaba, alhali idan aka auna abin da suke ba jiki da kuɗinsu, dambu da zogale da ƙuli sun fi su. Mafi arahar abincin jariri kuwa shi ne nonon uwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba da shi zalla har wata 6, a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2. Yayen gaggawa saboda kwanika na jefa yaro cikin haɗari ya kuma ƙara wa gida ɗawainiya. A nan ya kamata a tuna cewa mai shayarwa ita ce ta fi saurin rage nata rabon ta bar wa yara, kuma ba kasafai maigida ke lura da haka ba.

3.5 Ƙananan Ɗawainiyoyi

Tsadar mai ta sa wasu mata sun koma surfe da daka a turmi, su kai inji abin da ya zama dole kawai. Wannan na rage kuɗi amma yana cin ƙarfin mace da lokacin reno, don haka ba kyauta ba ne kamar yadda ake zato. Shiga daji neman itace ya zama haɗari a wurare da dama, sai aka ƙara dogara da karan dawa. Jiƙa wake kafin a dafa, da rufe tukunya, da kare murhu daga iska, duk suna rage cin wuta. Fitila mai caji da hasken rana ta fi mai batir sauƙi idan aka yi lissafin shekara. Tufafin yara kuwa gwanjo da gadon na yayye sun wadatar, tunda yaro ba ya jimawa bai fi ƙarfin rigarsa ba. Sabulu ne kaɗai a wannan rukuni bai kamata a matsa wa tsimi ba, saboda alaƙar wanke hannu da gudawa.

3.6 Hannun Mace da Darasin Gubar Dalma

A al'adance hatsi na maigida ne, amma a gidaje da yawa abin da mace ta samu a sana'arta shi ke cike giɓin cefane. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko daddawa, ko awara, ko fura, ko saƙar tabarma da faifai. Tana kiwon awaki da kaji da dusar gida da harawa, waɗanda su ne asusun da ake buɗewa ranar rashin lafiya. Adashi kuma na mayar da 'yan kuɗin da za su salwanta a hannu su zama dunƙule, wanda idan kwasar ta faɗo da kaka za a iya sayen hatsi ko gyaɗa da araha. Uwar adashi mai tunani takan ba mai bukata ta gaggawa kwasa kafin lokacinta.

Neman ƙarin abin shiga yana da nasa haɗari, kuma babu inda ya ga haka kamar wannan yanki. Lokacin da farashin zinari ya tashi a duniya, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta gano cewa yara na mutuwa fiye da kima, bincike kuma ya tabbatar da gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu, wasu dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Cikin ƙauyukan da abin ya shafa akwai Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi mata wannan aiki ba sai a 2013. Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yansu, kuma yin aikin a gida ya fi musu sauƙi da araha. Wannan ya nuna dole duk wata sana'ar cikin gida a auna ta da tambayar abin da za ta yi wa yaron da ke wasa a ƙasa.

3.7 Lafiya

Rashin lafiyar yaro na kwana uku na iya cinye tsimin wata uku. Akwai kuɗin babur zuwa asibiti, da na magani, da abincin mai jinya, ga aikin gona da aka bari. Tsoron wannan ne ke sa iyaye su jinkirta, su sayi rabin magani a kemis, yaro ya ɗan ji sauƙi a dakata, ciwon ya dawo da ƙarfi, a ƙarshe a sayar da akuyar da ake gudun sayarwa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani ne da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa nauyin ke zama biyu.

Mafi yawan abubuwan kariya kuwa kyauta ne. Allurar rigakafin ƙyanda da sauran cututtukan yara ba a biyan kuɗinta a asibitocin gwamnati. Gidan sauro mai magani an sha raba shi, sai dai wasu kan mayar da shi shingen lambu ko abin ɗaure kaya. Tun wajen 2015 aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Zamfara, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata, amma amfaninsa na ga cika shan na kwana uku a kowane zagaye. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, in babu shi a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi asibiti idan ya ƙi sha ko ya galabaita. Wajibi ne a faɗa cewa a ƙauyukan da hanya ta zama haɗari ko ma'aikatan lafiya suka ƙaurace, abin da ke kyauta a takarda yakan yi wa iyaye nisa.

3.8 Hidimar Suna da Biki

Gidan da ke da ƙananan yara gida ne da ake haihuwa a kai a kai, kowace haihuwa kuma na zuwa da itacen wankan jego da ƙauri da goro da kayan barka da ragon suna da ɗinkin fitar suna. A mazhabar Malikiyya yanka dabba ɗaya a rana ta bakwai mustahabbi ne ga mai hali, ba wajibi ba ne. Duk da haka jin kunyar a ce wane ya kasa na sa magidanci ya sayar da abincin wata biyu don hidimar yini ɗaya. A ra'ayin mai wannan nazari, a nan ne ya fi dacewa ragi ya fara, kafin a taɓa kunun yaro.

Sai dai ba za a yi wa al'adar biki hukunci ɗaya ba. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure ajiya ce, za a mayar mata, sau da yawa har da ƙari, ranar da tata ta taso. Matar da ta janye daga wannan zumunci gaba ɗaya don tsimi ta rufe wa kanta ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ranar da yaronta ya kwanta ciwo da tsakar dare. Abin da ya kamata a rage shi ne gasa, wato anko da sabon ɗinki a kowace hidima da ninka gudummawa har ta gagari mai mayarwa. Ragin irin wannan ya fi yiwuwa idan dangi ko unguwa suka yi shi tare, da goyon bayan limami da mai unguwa, domin mutum ɗaya ba ya iya fita daga gasar shi kaɗai ba tare da an yi da shi ba. Naman suna kuma, in an samu yankawa, a fara ware rabon mai jego da na yaran gidan kafin a soma aikawa maƙwabta.